Zuwa Barka a Asibiti: Dokokin Ziyara da Dalilan da Suka Sa Aka Kafa Su

'Yan'uwa, a ikkilisiyoyinmu na ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, labarin haihuwa ba ya kwana. Da zarar an ce wance ta sauka, matan zumunta sun ɗaura zane, an cika flas da ruwan zafi, an zuba kunu a kula, an nufi asibiti. Wannan hali ne mai kyau, domin zumunta a ƙafa take. Sai dai sau da yawa a ƙofar ɗakin masu jego ake samun saɓani. Mai gadi ya ce lokaci bai yi ba, ungozoma ta ce mutum biyu kaɗai za su shiga, a hana yara, a mai da abinci. Mutane su koma gida da ɓacin rai suna cewa an wulaƙanta su, wasu iyalai ma su yanke cewa haihuwa ta gaba a gida za a yi ta.

A nan haɗarin yake. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a Najeriya mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma haihuwa 39 ce kawai cikin 100 ake yi a asibiti. A wancan lokacin, a Arewa maso Yamma adadin masu haihuwa a asibiti bai kai rabin wannan ba. Idan fushin da muka yi a ƙofar asibiti ya sa wata ta zauna a gida da doguwar naƙuda, to fushinmu ya yi tsada. Saboda haka bari mu bi waɗannan dokoki ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da kowace take karewa.

Ziyara hakki ce, amma tana da tsari

A shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya. Cikinsu akwai haƙƙin a ziyarci mara lafiya gwargwadon dokokin asibitin da yake kwance, akwai kuma haƙƙin a kiyaye sirrinsa da mutuncinsa. Mu lura, haƙƙin na wadda ke kwance ne. Ita ce take da ikon a zo mata, ita ce kuma take da ikon a bar ta ta huta. Kowane asibiti yana da nasa lokacin ziyara, yawanci da yamma wajen la'asar, wasu kuma su ƙara da ɗan lokaci da sassafe don kawo ruwan zafi da abin karyawa. Akan rubuta shi a allo ko a bangon ƙofa. An keɓe hantsi ne saboda lokacin ne likita ke zagaye, ake wanke ɗinki, ake ba da magani, ake share ɗaki.

Littafi Mai Tsarki ya koya mana duka biyun. A Matiyu sura 25 Ubangiji ya lissafta ziyarar mara lafiya cikin ayyukan da ake yi masa shi kansa. Amma a Markus sura 5, da ya isa gidan Yayirus ya tarar da taro ana hayaniya, sai ya fitar da kowa waje, ya shiga da uban yarinyar da uwarta da almajirai uku kaɗai. Da yarinyar ta tashi kuma, umarnin da ya bayar shi ne a ba ta abinci. Bitrus ma haka ya yi a ɗakin Tabita, a Ayyukan Manzanni sura 9. Wanda ya rage taro a ɗakin mara lafiya bai rage ƙauna ba.

Wa ke shiga ɗakin haihuwa?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na shekarar 2018, ta ce ya dace mace mai naƙuda ta kasance da mutum ɗaya da ita ta zaɓa, ya zauna da ita har ta sauka. Zai iya zama mahaifiyarta, yayarta, ƙawarta ko mijinta. Aikin wannan mutum shi ne ba ta ruwa, shafa mata baya, riƙe ta idan za ta taka, da kiran ungozoma idan wani abu ya canza. A asibitocinmu ɗakin haihuwa ɗaya yakan ɗauki gadaje da yawa, labule ne kawai tsakani, wani lokaci ma babu. Shi ya sa galibi mace ake bari ta shiga, maza su jira a waje. Idan an hana miji shiga, matan wasu ake suturtawa, kamar yadda shi ma zai so a suturta tasa.

Ya kamata a zaɓi mai rakiyar nan tun lokacin awo, kafin ranar ta zo. A zaɓi mai natsuwa, wadda mai cikin ba ta jin nauyin gaya mata gaskiya. Mun san al'adarmu ta kunya, musamman a haihuwar fari: yarinya takan danne ciwo a gaban surukarta, jini na zuba ta yi shiru. Idan uwar miji ta ga an zaɓi wata, kada ta ɗauka an rage mata girma. Girmanta yana nan, jikanta kuma ba zai canza kaka ba.

Miji da ke waje yana da aikin da ya fi na kowa nauyi. Masana lafiyar mata suna maganar jinkiri uku da ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun taimako bayan an isa. Na ukun yakan faru ne idan likita ya ce sai an yi aiki, aka nemi maigida aka rasa, ko aka ce sai an jira babban wa ya iso daga ƙauye. Mace baligar da ke cikin hayyacinta ita ce ke da ikon amincewa a yi mata aiki, amma mun san da wuya ta sa hannu ba tare da jin ta bakin mijinta ba. Don haka, maigida, kada ka yi nisa. Wayarka ta kasance a buɗe da caji, katin awo yana hannu, kuɗin ko-ta-kwana yana aljihu, ka kuma san motar da za ta ɗauke ku idan aka tura ku gaba. Daga ƙananan asibitocin Gwiwa da Roni akan tura zuwa babban asibitin Kazaure, daga can kuma idan abin ya fi ƙarfi a bi hanyar Kano, zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Jihar Jigawa tana da shirin Haihuwa Lafiya, wanda ya shafi ɗauko mata masu naƙuda daga ƙauyuka cikin gaggawa. A tambayi ma'aikatan asibitin unguwa tun ciki yana wata bakwai yadda ake samun direba a yankin. Dokar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2014 kuma ta hana a ƙi karɓar mara lafiya da ke cikin halin gaggawa.

Awa ashirin da huɗu na farko

Mu a wurinmu, da an ji kukan jariri an gama. A wurin ungozoma kuwa, lokacin ne ake buɗe ido. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe masu jego a duniya. Ana lissafta ta da haɗari idan jinin ya kai rabin lita cikin awa 24, wato kamar leda ɗaya ta ruwan sha, kuma tana iya gamawa da mace mai ƙoshin lafiya cikin awoyi kaɗan. Shi ya sa ungozoma ke dawowa a kai a kai tana danna mara don ta ji ko mahaifa ta tsuke, tana duba ƙunzugu, tana gwada bugun jini, tana tambaya ko an yi fitsari. Jijjiga ma, wadda hawan jini ke kawowa, tana iya kama mace bayan ta sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko haihuwa ta zo da sauƙi, uwa da jariri su yi aƙalla awa 24 a asibiti kafin a sallame su.

Yanzu mu sa mutum goma a kewayen gadon nan. Ungozoma ba za ta iya ɗaga zanen mai jego a gaban baƙi ba, sai ta ce bari su tafi. Mai jego tana jin jiri, amma ga dattijuwar ikkilisiya tana yi mata barka, sai ta daure ta yi murmushi. Surutu ya rufe ciwon kan da ya kamata ta faɗa. Haka awa guda ke wucewa ba wanda ya duba ta, alhali kowa yana kallonta. Dokar mutum biyu a lokaci ɗaya saboda wannan aka yi ta, haka ma dokar cewa kowa ya fita idan ma'aikaciya ta shigo. Kuma kada mu matsa a sallame ta da wuri don ana jira a gida. Gara a jira ta kwana ɗaya da a dawo da ita cikin dare a kan babur.

Hannu, numfashi da yara

A shekarar 1847, a babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa masu jego suna mutuwa da zazzaɓi a ɓangaren da likitoci ke karɓar haihuwa, saboda suna zuwa daga ɗakin gawa ba su wanke hannu sosai ba. Ya tilasta a riƙa wanke hannu da ruwan magani. A watan Afrilu na shekarar mata kusan 18 cikin 100 ne suka rasu a ɓangaren, amma cikin 'yan watanni adadin ya sauko zuwa wajen 2 cikin 100. Hannun da ya zo taimako shi ne ya riƙa kawo mutuwa, masu hannun kuwa ba su sani ba.

Hannunmu ma haka yake. Mun riƙe kuɗi, mun riƙe ƙarfen a-daidaita-sahu, mun gaisa da mutum ashirin daga tasha zuwa ƙofa. Jariri sabon haihuwa garkuwar jikinsa ba ta yi ƙarfi ba, cibiyarsa kuma ɗanyen rauni ce. Murar da babba zai yi kwana uku ya warke, a jikin jariri tana iya zama ciwon haƙarƙari. Ƙurjin nan da ke fitowa a gefen leɓe bayan zazzaɓi, idan mai shi ya sumbaci jariri, ƙwayar cutar tana iya kaiwa har ƙwaƙwalwarsa. Saboda haka duk mai tari, mura, zazzaɓi, gudawa ko ƙuraje ya aika da gaisuwa ya zauna a gida. Wanda ya shiga ya wanke hannu da sabulu, kada ya zauna a kan gadon mai jego, kada ya sumbaci jariri, kada ya tofa masa komai, kuma kada ya ɗauke shi sai uwar ta miƙa da kanta.

Hana yara shiga ma kan wannan ne. Yara su ne ke yawo da ƙyanda, ƙarambau da tari daga makaranta, sau da yawa kafin alamar ta fito a jikinsu. Su ma asibiti yana iya ba su abin da ba su zo da shi ba. Mun ga yadda cutar mashaƙo ta yi ɓarna a Kano a shekarar 2023 ta kuma shigo Jigawa, mun tuna yadda aka taƙaita ziyara a 2020 saboda korona. A irin waɗannan lokuta asibiti yakan tsananta doka, kuma daidai ne ya yi hakan.

Akwai kuma maganar sanyi. Jariri yana saurin rasa ɗumin jikinsa, musamman da hunturu. Ana so a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata da zarar an haife shi, a lulluɓe su tare, a jinkirta wankan farko har awa 24. Duk baƙon da ya ce a buɗe masa ya ga wa ya ɗebo, ɗumi yake rage wa yaron. Kamanni ba ya gudu, za mu gan shi ranar suna.

Abin da muke kawowa a kula da leda

Ba a zuwa barka hannu biyu, amma a tambayi ma'aikaciya kafin a ba mai jego komai. Mace mai naƙuda da ake tunanin za a yi mata aiki, ana iya hana ta ci, domin abin da ke ciki yana iya komowa ya shiga huhu idan an sa ta barci. Wadda aka yi wa aiki kuma likita ne zai faɗi lokacin da za ta fara shan ruwa da lokacin da za ta ci mai nauyi. Tausayin da zai sa a ba ta tuwo a ɓoye ba tausayi ba ne. Haka nan jiƙe-jiƙen da ake cewa suna kawo naƙuda da sauri: wasu suna sa mahaifa ta matse fiye da kima har ta yage. Kunun kanwa kuwa, kanwa 'yar'uwar gishiri ce. Wadda aka ce tana da hawan jini, ko kumburin ƙafa, ko ciwon zuciya, kada a ba ta sai an tambayi likita.

Jariri kuma abincinsa ɗaya ne. Ana so a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Nonon farko mai kauri da launin rawaya, wanda iyayenmu ke kira dakashi har wasu su matse su zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Cikin jariri a ranar farko ɗan mitsitsi ne, ɗigon dakashin nan ya ishe shi, kuma yawan tsotso ne ke kawo ruwan nono. Kada a ba shi ruwa, ko ruwan sukari, ko madarar shanu, ko man zaitun da aka yi wa addu'a. Zuma ma ba a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta da ke kashe jijiyoyin jariri. Nono zalla har wata shida, ko da zafin bazara. Jariri yakan sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, uwar da baƙi suka kewaye kuwa takan jinkirta shayarwa don kunya. Wannan ma dalili ne na gajarta zama.

Cibiya kada a sa mata toka, ko man goge baƙi, ko man shafawa, kada a gasa ta da tsumma mai zafi. Akwai maganin shafawa na musamman da ma'aikatan lafiya ke bayarwa don cibiya, shi kaɗai za a yi amfani da shi yadda suka nuna. Kafin a bar asibiti a tabbatar an yi wa yaro rigakafin farko: na tarin fuka, na shan inna da na ciwon hanta.

Idan muna neman kyautar da ta fi turmin atamfa, to jini ne. Asibiti yakan nemi dangi su ba da jini idan mai jego ta zubar da yawa, kuma a daidai lokacin ne ake rasa mai bayarwa, ko da mutum talatin na zaune a ƙarƙashin bishiya. Lafiyayyen mutum mai shekara 18 zuwa sama, mai nauyin kilo 50 ko fiye, zai iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Matasanmu maza da ba a bari su shiga ɗakin masu jego, ga ƙofar da ke buɗe musu.

Sutura da sirri

Ɗakin masu jego na kowa ne. A garuruwanmu mafi yawan matan da ke sauran gadajen maƙwabtanmu ne Musulmi, wasunsu ba su saba wani namiji ya gan su ba sai muharraminsu. Namijin da aka ba izinin shiga, ko fasto ne ko dattijo, ya bari ma'aikaciya ta sanar tukuna, ya yi sallama, ya sunkuyar da kai, ya wuce kai tsaye gadon da ya zo dominsa, ya fito da wuri. A gaida na kusa da fara'a, a yi musu barka su ma. Shaidarmu a irin wannan wuri ladabinmu ne.

Waya kuma a bar ta a jaka. Kada a ɗauki hoton jariri ko na mai jego sai da izininta, kada a sa a WhatsApp ko Facebook kafin iyayen su sanar da kansu. Hoto ɗaya yakan kama matar wani a bayan fage ba ɗankwali. Kada a buɗe fayil ɗin da ke gefen gado, kada a tsare ma'aikaciya da tambayar me ya same ta. Doka ta hana ta faɗa, kuma ranar da mu ne a kwance za mu gode wa wannan doka. Haka ma wajen roƙon addu'a a sujada: ya isa a ce 'yar'uwarmu ta sauka, tana bukatar addu'a. Ba sai an bayyana an yi mata aiki, ko an cire wani abu, ko sakamakon gwajin jininta ba.

Mu kiyaye harshe. Haihuwa ta hanyar aiki haihuwa ce cikakkiya. Wasu sukan kafa hujja da matan Ibraniyawa na Fitowa sura 1, suna cewa mai bangaskiya ba a yi mata aiki. Wannan magana ce da ungozomomi Shifra da Fuwa suka gaya wa Fir'auna lokacin da suka ƙi kashe jarirai, ba alkawari ba ne ga kowace mace. Abin da labarin ya nuna a fili shi ne Allah ya yi wa ungozomomi masu tsoronsa albarka. Rahila, matar da Yakubu ya fi ƙauna, a wurin haihuwar Biliyaminu ta rasu, kamar yadda Farawa sura 35 ta faɗa. Da wuƙar likita ake ceton irinta a yau, ake kuma tsare mata daga yoyon fitsari da doguwar naƙuda ke jawowa, wanda ake gyaransa a asibitin Jahun da na Babbar Ruga a Katsina. Kada kuma a ce, mace kuma aka sake samu? Kada a tambayi yaushe za a yi ƙani.

Addu'a a bakin gado

Yakubu sura 5 ta ce mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a, kuma za mu ci gaba da yi. Amma addu'ar ɗakin masu jego gajeruwa ce, da murya ƙasa-ƙasa, mutum ɗaya ya yi a madadin kowa. Ba wurin waƙar zumunta da tafi ba ne, domin a gado na gaba akwai wadda ba ta runtsa ba tun jiya, akwai wadda hayaniya za ta iya tayar mata da jijjiga. Karin Magana sura 27 ta yi gargaɗi cewa ko albarka ce aka sa wa maƙwabci da ihu tun da asuba, a kunnensa kamar zagi take. Kada a ɗora hannu a kan ɗinki ko a kan jariri. Kada wani ya ce wa mai jego ta ajiye magani ko ta yi azumi. Idan ma'aikaciya ta shigo ana tsakiyar addu'a, a ce amin a ba ta wuri. Allah ya riga ya ji, sauran a ƙarasa a waje. Minti goma zuwa goma sha biyar sun isa ziyara duka.

Idan haihuwa ta zo da wahala

Bakwaini, ko jaririn da nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, ko wanda aka sa a kwalba, ɗakinsa ya fi kowane tsanani. Yawanci uwa ce kaɗai ke shiga, wani lokaci da uba. Akwai hanyar da aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, inda uwa ke ɗaure ƙaramin jariri a ƙirjinta fata da fata awoyi masu yawa a rana, kuma tana ceton rai ƙwarai. Mai yin wannan ba ta da hannun karɓar baƙi. Taimakon da take bukata yana gida: wa zai dafa wa sauran yara, wa zai kai su makaranta, wa zai ɗebo ruwa, wa zai leƙa gona idan damina ce.

Idan kuwa jaririn bai zo da rai ba, ko ya koma, a tambayi mai jegon wa take so ta gani. Mutum ɗaya ko biyu su je. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai zaune tare da shi ba su ce komai ba, kuma sai da suka buɗe baki suna neman dalili ne suka ɓata. Kada a ce mata ai za ki sami wani, kada a nemi laifin wani, kada a ɗora wa maita ko zunubi. A tuna jikinta jikin mai jego ne, yana bukatar kulawa iri ɗaya. A tuna da mijin ma, wanda kowa ke ce masa ya yi haƙuri amma ba mai zama da shi.

Bayan an koma gida

Sallama daga asibiti ba ta ɗage waɗannan dalilai ba. Wanke hannu, nisantar mai tari da gajarta zama suna nan har bayan suna. Idan uwa ko jariri ba su da ƙarfi, a yi addu'ar suna a taƙaice a rana ta bakwai ko ta takwas, a ɗage taron zuwa gaba. Ana so ma'aikacin lafiya ya sake duba su a kwana na biyu zuwa na uku, sannan tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. Mai zuwa barka ta zama ido. Idan ta ga mai jego tana jiƙa ƙunzugu da jini a kai a kai, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko numfashi sama-sama, ko baƙin ciki da kuka da ba sa wucewa, a koma asibiti. Idan jariri ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko yana taune-taune, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi rawaya, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, a tafi a ranar, kada a jira gari ya waye.

Abin da kowace ikkilisiya za ta iya yi

Muna ba da shawara zumuntar mata ta naɗa mata biyu masu natsuwa da za su riƙa zuwa asibiti a madadin kowa, sauran su jira gida, su raba kwanakin kai abinci da wanki har a yi arba'in. Matasa su rubuta sunayen masu niyyar ba da jini da rukunin jininsu, takardar ta zauna wurin sakatare. Dattawa su san masu mota biyu ko uku da za a iya tasa cikin dare, a kuma ware wani abu a asusu don mai da magani. Mai sanarwa a sujada ya riƙa faɗin lokacin ziyara tare da labarin haihuwa. Idan an ga wata ma'aikaciya ta yi abin da bai dace ba, kada a yi cacar baki a ƙofa. Mutum ɗaya ya je wurin shugabar ɗakin ko ofishin asibiti ya faɗa cikin ladabi, domin yin ƙorafi ma yana cikin haƙƙin mara lafiya. Ungozoma ɗaya takan kwana a tsaye kan mata da yawa. Sannu da aiki, Sista, daga bakinmu yakan buɗe ƙofar da gardama ba ta buɗewa.

A Luka sura 1, Maryamu ta je wurin Alisabatu tun cikin yana wata shida, ta zauna da ita wajen wata uku. Maƙwabta da dangi sun taya murna da suka ji labari, taron kuma ya haɗu a rana ta takwas. Mai hidima ta zo da wuri ta daɗe, masu murna suka zo a lokacinsu. Ubangiji ya ba mu hikimar sanin wanne ne namu a kowace haihuwa, ya sauki matanmu da na maƙwabtanmu lafiya, ya raya abin da aka haifa. Amin.